Yadda Ake Mai da Lakar Masai Takin Gandun Itatuwa

Duk wanda ya tashi a karkarar da ke kewaye da birnin Kano, ko kuwa ya ji labarinta daga bakin magabata, ya san ayarin jakunan nan da kan shiga gari da sassafe ɗauke da itacen girki, in rana ta take su fito ta ƙofofin birni da mangaloli cike da takin gari, watau toka da kashin awaki da duk abin da mata suka share daga tsakar gida. Da wannan kai da kawowa ne manoman wurin suka riƙe gonakinsu shekara da shekaru ba su bar su sun huta ba, domin abin da birni ya ci daga ƙasa yana komawa gare ta ta wata ƙofa. To, yau birane sun bunƙasa, itace ya yi nisa, kuma akwai wani kaso mai yawa na ƙazantar gari da ba a mayar wa ƙasa, sai dai a kwashe shi da mota a tuttular a kududdufi ko a bakin rafi, inda yara ke wanka, 'yan lambu kuma ke ɗiban ruwa. Wannan kaso shi ne lakar masai, kuma maƙasudina a nan shi ne in bayyana wa mai gandun itatuwa, na hukuma ne ko na ƙashin kansa, hanyar da zai bi ya mai da ita taki ba tare da ya cuci kansa ko ya cuci wani bawan Allah ba.

Abin da nake kira lakar masai iri biyu ne. Akwai wadda masu yasa ke fitarwa daga masai da shadda da ramin sokawe, ita ce kuwa ta fi yawa a ƙasashenmu, tun da galibin gidaje ba a haɗe suke da babban bututun gari ba; akwai kuma wadda ke kwantawa a gindin tankunan matatar ruwan ƙazanta, irin ta Wupa da ke Abuja, bayan an tace ruwan an sake shi. Dukansu suna da naitirojin da fosfaras, abinci biyu da ƙasarmu ta fi ƙishirwarsu, sai dai fotasiyam ɗinsu kaɗan ne. Busasshiyar laka mai kyau ta matata takan ƙunshi naitirojin kamar kilo 30 zuwa 40 a kowane ton, alhali buhun yuriya mai kilo 50 bai wuce kilo 23 ba, ko da yake wadda ta daɗe a masai ba ta kai haka ƙarfi. Amma ga mai dasawa a jigawa, inda ruwan sama kan zurare kamar an zuba shi a rariya, babbar fa'idarta ita ce ruɓaɓɓen abin da ke cikinta, wanda kan haɗa kan rairayi ya sa shi riƙe laima har saiwa ta samu ta kama.

Dalilin da ya sa na keɓe magana ga itatuwa shi ne, tsakanin wannan taki da bakin ɗan Adam ana son tazara mai nisa, kuma babu tazarar da ta kai ta azara da katako da itacen girki, waɗanda ba a cin su, ba a kuma sare su sai bayan shekaru. Mutanen ƙasashe da dama sun riga mu gwadawa. A jihar Washinton ta Amurka, tun cikin shekarun 1970 malaman daji ke jarraba lakar birnin Siyatil a gandayen katako. A Niyu Zilan, a wani tsibiri da ke kusa da garin Nelson, tun wajen 1996 ake zuba ta a gandun itacen fayin duk bayan shekara 3, aka kuma tabbatar da cewa itatuwan sun ƙara kauri sosai, illa dai katakon ya ɗan rage nauyi. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne na Masar, inda aka kafa dajin Sarabiyum a hamadar da ke kusa da Isma'iliyya a 1998, ana shayar da shi da tataccen ruwan ƙazantar gari, kuma cikin abin da suke dasawa a irin waɗannan dazuzzuka har da maɗacin nan namu.

Na san mai karatu Musulmi ba zai wuce nan ba sai ya tambayi hukunci, kuma tambayarsa tana kan hanya. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa shukar da aka shayar da najasa ita kanta mai tsarki ce, Shehu Halilu ma ya lissafa ta cikin abubuwa masu tsarki a babin tsarki na Muhtasar, saboda najasar ta sauya zati ta zama wani abu dabam, abin da fuƙaha'u ke kira istihala. Saɓanin da suka yi ya fi ƙarfi a kan sayar da ita kanta najasar, wanda kuwa zai shiga cinikinta sai ya zauna da malaminsa tukuna. Amma halaccin amfani bai ɗauke wa kowa wajibcin kawar da cuta ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin bahaya a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, to, ina ga wanda ya juye tankar mota guda a gindin itatuwan da matafiya ke sauka? Duk sharuɗɗan da zan kawo nan gaba reshe ne na wannan hani.

Farkon aiki, kafin a haƙa ko da rami ɗaya, shi ne binciken asalin lakar, kuma a nan ne nake roƙon mai gandu ya fi tsanantawa, domin aibin da ke cikinta iri biyu ne, ɗaya yana da magani, ɗayan kuwa ba shi da shi. Na farko masu rai ne, watau ƙwayoyin kwalara da taifot da atini da ƙwan tsutsar ciki, waɗannan zafi da daɗewa suna kashe su. Na biyu ƙarafa ne masu dafi, dalma da zaiba da kadmiyam da kuromiyam, waɗanda ko shekara nawa aka yi ana juya tsibi ba su ruɓewa, sai ma su ƙara taruwa yayin da sauran abin ya ragu. Lakar da ta fito daga unguwar da babu kome sai gidajen zama galibi ƙarfenta kaɗan ne. Wadda kuwa ta gauraya da ruwan majema na zamani, irin waɗanda suka cika Challawa da Sharaɗa da Bompai suna jima da kuromiyam, ko ruwan masu fasa batir, ko na masu rini da fenti, ko sharar asibiti, to, ita kam ko kyauta aka kawo har da ladan ɗauko a mayar da ita. Wanda ya tuna ɗaruruwan yaran da dalma ta halaka a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan ƙarfen da ya shiga ƙasa. Saboda irin wannan tsoro ne Tarayyar Turai ta sa wa galibin waɗannan ƙarafa haddi tun 1986, Suwizalan ta hana zuba lakar matata a gonaki tsakanin 2003 da 2006, jihar Men ta Amurka kuma ta hana a 2022 saboda wasu sinadaran masana'antu da ba su narkewa. Saboda haka sai mai gandu ya san direban motar da ke kawo masa, ya san unguwannin da yake yasa, in kuwa aikin babba ne ya kai samfuri ɗakin gwaji na jami'a ko na ma'aikatar gona a auna masa kafin ya karɓi mota ta biyu.

In asali ya inganta, sai shanya. Ana gina wuri mai kama da fangalin lambu, amma mai faɗi da ƙarfin gefe, a daɓe gindinsa da siminti ko yumɓu mai kauri, a shimfiɗa tsakuwa, a bi ta da yashi, a ɗan karkatar da shi yadda ruwan da ya tsane zai gangara wani keɓaɓɓen rami, gama wannan ruwa shi ma najasa ne, kada a bar shi ya bi kwata. A zuba lakar kada kaurinta ya wuce ɗani ɗaya, watau santimita 20 zuwa 25. Da zafin bazara, cikin mako biyu ko uku za a ga fuskarta ta tsattsage kamar gindin tafkin da ya ƙafe, ta yadda shebur zai ɗauke ta ɓawo ɓawo. A lokacin ne ake bi da manjagara a tsince leda da tsumma da kwalabe da allurai da batir, a binne su dabam. Sau da yawa za a ga tumatir ya tsiro a kanta kore shar, domin irinsa yakan ratsa cikin mutum bai mutu ba. A tumɓuke shi tun bai yi 'ya'ya ba, don kada yara su tsinka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka bushewa ita ce nuna. Ƙwan macijin ciki yana da ɓawo mai tauri, yakan yi watanni har shekaru a cikin ƙasa mai laima yana jiran mai haɗiye shi, kuma lakar da ta bushe ba ta ruɓe ba tana da gishiri da zafin da ke ƙona saiwa. Na taɓa ganin haka da idona a wani gandun turare, inda gaggawar cin damina ta sa aka cika ramukan dashe da busasshiyar laka tsantsa: ba a yi kwana goma ba gefen ganyayen ya soye ya yi ja kamar an gifta musu wuta, da na tumɓuke ɗaya kuwa sai na tarar saiwoyin nan farare masu laushi sun koma baƙi sun yi yauƙi, ramin yana tashin zarni. Aka rasa dashen shekarar, aka rasa wahalar rainon wata huɗu, har yau kuwa in na tuna da leburorin da suka yi ta ɗauko ruwa suna bayi ko za su farfaɗo sai raina ya ɓaci.

Nunar da taki kuwa ga yadda take. A auna kashi 1 na busasshiyar laka, a haɗa da kashi 2 ko 3 na abin da ke buɗe tsibi iska ta shiga, kamar ɓuntun shinkafa, ko garin katako, ko yankakken karan dawa, ko sharar ganye ta kasuwa da aka tsince, a cuɗa su, a tara tsibi mai faɗin mita 2 da tsawon da ya kai ƙirjin mutum, ana yi ana yayyafa ruwa. Gwajin laima shi ne a sa safar hannu ta roba a damƙi cikin tafi a matse: in ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu suka fito ta tsakanin yatsu, ya yi daidai, in ruwa ya tsiyaya an cika, sai a ƙara ɓuntu, in ya wargaje da an buɗe hannu, yana son ruwa. Bayan kwana uku ko huɗu tsibin zai ɗauki zafi da kansa, har in da sanyin asuba ne a ga tururi na tashi daga kansa kamar an buɗe madambaci. Dokar da Amurka ta kafa a 1993 ta shar'anta wa irin wannan tsibi ya riƙe zafin digiri 55 ko fiye har kwana 15, a kuma juya shi sau 5 cikin wannan muddar, kuma ban ga abin da zai hana mu riƙe wannan mizani ba, tun da ma'aunin zafi mai dogon tsinke ba shi da tsadar da za ta gagari mai gandu. Wanda bai samu ba ya soka rodi har tsakiya, ya bar shi kamar rubu'in sa'a, in ya zaro ya kasa riƙe bakinsa to da alama zafi ya kai, amma wannan kintace ne kawai. Hikimar juyawa ita ce, gefen tsibi ba ya zafi, saboda haka kowane juyi sai a mai da na waje ciki, na ciki waje, don kada wani loko ya tsira.

In zafi ya sauka, aka juya bai sake tashi ba, sai a rufe tsibin da zana ko buhuna a bar shi ya kwanta wata biyu ko uku. Wanda kuwa ba shi da ma'aikatan juyi, to, jinkiri ne zai tsaya masa a madadin zafi, gama Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2006 ta ce a ƙasa mai ɗumi irin tamu a ajiye fiye da shekara guda, ta kuma sa haddin kada ƙwan tsutsa ya kai 1 a giram ɗaya na busasshen taki. Nunannen taki baƙi ne mai gari gari, ƙanshinsa kamar na ƙasa ran da aka yi ruwan fari, ƙuda ba ya binsa. Don ƙarin tabbaci a cika tukwane biyu, ɗaya da ƙasa zalla, ɗaya rabi ƙasa rabi taki, a shuka masara ƙwaya goma goma. In ta fito daidai a duka biyun, to, ba zai ƙona dashe ba.

Akwai wata hanya ga wanda laka ta yi masa yawa, fili kuma ya wadace shi, ita ce binnewa da ɗanyenta. A Umlazi, kusa da Durban ta Afirka ta Kudu, an haƙa dogayen ramuka aka zuba lakar masai, aka rufe da ƙasa, aka dasa turare a kai, itatuwan suka yi kyau, bayan kimanin shekara 3 kuma da aka tona aka tarar ta zama kamar ƙasa, ƙwan tsutsar kusan duk ya mutu. Ramin yakan yi faɗin santimita 60 da zurfin mita 1 da ɗoriya, a bar aƙalla santimita 30 na sama a cika da ƙasa a ranar da aka zuba, kada a kwana ba a rufe ba. Ni na fi son a dasa a gefen ramin bayan wata biyu ko uku, saiwa ta nemi abincin da kanta sa'ad da ta yi ƙwari. Sharaɗin wannan hanya shi ne ruwan ƙasa ya kasance da nisa, ya zama ko a tsakiyar Agusta akwai aƙalla mita 2 tsakaninsa da gindin ramin. Don haka fadama da duk inda ake tarar da ruwa a gaba biyu ko uku sun fita daga lissafi.

Batun miƙdari kuwa, israfi a nan ya fi ƙwauro illa. Naitirojin ɗin taki ba ya fita gaba ɗaya: na nunanne kamar ushurinsa ne ke samuwa a shekarar fari, saura ya riƙa tsattsafowa a shekarun da ke biye, abin da ya dace da halin itace ƙwarai. Amma in aka zuba fiye da abin da saiwa ke iya sha, ragowar sai ta bi ruwa ta gangara rijiyoyi, ta cuci jarirai musamman. Shawarata ga mai farawa ita ce ton 5 na nunannen taki a hekta. In tazarar dashe mita 3 ce ta kowace fuska, hekta tana ɗaukar itace 1,111, kowanne ya sami kilo 4 da rabi ke nan, watau kamar rabin garwa. A gauraya shi sarai da ƙasar da aka fitar daga ramin, a mayar, a bari ruwa ya dake shi sau biyu ko uku, sa'an nan a dasa in damina ta kankama. Itatuwan da suka riga suka girma kuwa ana haƙa musu zobe daidai inda inuwar rassan ta tsaya, gama a nan ƙananan saiwoyi suke, a zuba a rufe, kada ya taɓa kututture, a kuma maimaita bayan shekara 3. A bar tazarar mita 30 ko fiye tsakanin taki da kowace rijiya ko rafi, kada a zuba a gangare, kada kuma a zuba cikin marka. A shirya wa abu biyu da kan biyo baya: ciyawa za ta taso da ƙarfi, wadda in ba a nome ta ba ta danne dashe da damina ta kuma zama makamashin gobara da rani, gara kuma tana son ɓuntu da garin katakon da bai gama ruɓewa ba, turare ƙarami kuwa ba ya jimre mata.

Wani abin da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa dole ne mu damu, shi ne cewa dajinmu ba kango ba ne. Mata na shiga tsintar ƙirare, Fulani na ratsawa da shanu, wani ya ɓanɓari ɓawon maɗaci don maganin ciki, wani ya karyi reshen dalbejiya ya yi asuwaki, manomi kuma ya nemi a bar shi ya yi shuka tsakanin layuka kafin inuwa ta haɗe. Dokar Amurka da na ambata ta hana kiwo kwana 30 a inda aka zuba lakar da ba ta gama nuna ba, ta hana girbin abin da ke taɓa ƙasa wata 14, abin da ake tonowa kuwa wata 20 har zuwa 38. Saboda haka gyaɗa da rogo da dankali da kabewa da kayan miya babu su a irin wannan gandu sai muddar ta cika, shanu kuwa na fi son a tsare su damina guda cur, domin saniya kan haɗiyi ƙwan farar tsutsa a ciyawa ta mayar wa mutum ta hanyar nama. A yi shinge, amma shinge bai isa ba sai an je wurin mai unguwa da arɗo da limami an faɗa musu gaskiyar abin da aka zuba da ranar da wa'adi zai cika.

Su kuma masu aikin, waɗanda jama'a ke ƙyama alhali da su ne gari ke zaunuwa, haƙƙinsu ne a kan mai gandu ya ba su takalman ruwa da safar hannu da takunkumi, musamman ranar juya busasshen tsibi da ƙura ke tashi, ya ajiye musu ruwa da sabulu a bakin aiki, ya keɓe musu tufafin aiki dabam da na salla da na komawa gida, ya hana ci da taunar goro a wurin, ya kuma kai su shan maganin tsutsa lokaci lokaci.

Daga ƙarshe a sami littafi a riƙa rubuta ranar da kowace mota ta zo da unguwar da ta fito, da zafin tsibi na kowace safiya, da layukan da aka sa wa taki da yawan abin da aka sa. A bar layi uku ko huɗu ba taki, a kafa musu turaku masu alama, kowace shekara bayan kaka a auna kaurin itatuwan ɓangarorin biyu da tef a daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, a kuma kai ruwan rijiya mafi kusa a gwada. Da waɗannan alƙaluma ne mai gandu zai san ko ya ƙara ko ya rage a zubi na biyu.